Katangar Iya Hajjo

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na shiga gidan Iya Hajjo ta sama ba. Har yau in na bi ta lungun nan sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A shekarar na dawo Gumel daga bautar ƙasa, da safe in taya yayana tsaron shago, da yamma kuwa ba abin yi sai kallon bango. Ni kuma Allah bai halicce ni da zama ba. Inna takan ce tun ina goye na ci ƙafar kare. A daidai lokacin ne maganar aurena da Zulai ta kai gaban manya. Zulai malamar firamare ce a Maigatari, shekara biyu muna tare, mahaifinta kuma ya ce ba zai ce e ko a'a ba sai an yi bincike a kaina. Kun dai san yadda binciken nan yake: ba a gaya maka rana, ba a gaya maka wanda za a turo, ba kuma gidanku za a zo ba. Maƙwabta ake bi ana tambaya. Yana salla? Yana shaye-shaye? Yaya yake da na gaba da shi?

Zulai ta kira ni a waya ta ce, "Don girman Allah watan nan ka natsu. Ko tari za ka yi, ka yi shi da ladabi."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Nawa hankalin ne ya ƙi kwanciya. In na zauna in miƙe, in na miƙe in zaga gida, duk baƙuwar fuskar da na gani a unguwa sai in gaishe ta har ƙasa (wani mai tallar maganin ɓera ya sha gaisuwata sau uku a yini ɗaya). Cikin wannan hali ne na ci karo da wani bidiyo a waya: samari suna gudu, su dafa katanga su wuce, su dira daga wannan rufi zuwa wancan, su mirgina su miƙe kamar ba abin da ya faru. Fakur ake kiran wasan. Wallahi ji na yi kamar don ni aka ƙirƙiro shi.

Mai koyar da wasan a bidiyon bai ɓoye komai ba, hakkinsa ne in faɗa. Ya ce sabon shiga ya yi wata uku a ƙasa. Ka koyi dira a kan 'yan yatsun ƙafa, gwiwa a lanƙwashe. Ka koyi mirginawa ta kafaɗa, ba ta tsakar ka ba. Ka fara da abin da bai wuce gwiwarka tsawo ba, kuma kafin ka hau kowane abu, ka taɓa shi ka ji ƙwarinsa. Na sayi kambas a gwanjo, na samu wani kango a bayan layinmu inda aka jibge yashi, na fara. Dirar ta zo da sauƙi. Mirginawar ce ta ƙi ni, kullum sai in tashi da yashi a baki da wuya a sanƙare. Inna ta ga ina tafiya a karkace ta ce, "Kai kuma dambe ka shiga?" Na ce motsa jiki ne. Ta ce, "Ga gonar babanka can tana neman mai motsa jiki."

Wata ukun nan, kwana tara na yi daga ciki. A na goma na ce ai na gane.

Abin da ban lissafa ba shi ne, katangun cikin bidiyo duk na siminti ne. Wadda ta raba kangon da gidan Iya Hajjo kuwa ta ƙasa ce, ta girme ni, ga shi muna tsakiyar damina, kwana biyu kafin nan an kwana ana ruwa. Iya Hajjo tsohuwa ce ƙawar kakata, ita ta yi mini wankan jariri, ba ranar da ba ta sa mini albarka. Shirina mai sauƙi ne: in taka tarin bulo, in dira a kan katangarta, in yi taku uku a kai, in sauka a lungu. Na jingina waya a jikin dutse don ta ɗauka, na tuɓe riga, daga ni sai singileti da gajeren wando. Na yi bisimilla, na kwasa da gudu.

Dirar ta yi kyau, wannan kam ba mai ƙwace mini. Ƙafafuna biyu suka sauka a kan katangar daidai yadda aka koya. Sai na ji ta yi laushi a ƙarƙashina kamar tuwon da bai huce ba. Ni da kusan rabin katangar muka tafi tare, ba lungu ba, cikin gida.

Abin takaicin, a nan ne mirginawar da ta ƙi ni kwana tara ta zo da kanta. Kafaɗa, baya, ƙugu, sumul. Ta kai ni har bakin tabarma, na tashi a durƙushe, gwiwata ɗaya cikin kwanon fura. Kaji suka watse. Surukar Iya ta saki muciya ta faɗa ɗaki tana salati. A kan tabarmar ga Iya Hajjo da ludayi a hannu, kusa da ita ga wata baƙuwar dattijuwa mai farin gilashi da carbi, tana kallona daga sama har ƙasa.

Ban san abin da ya shiga kaina ba, sai na ji bakina ya ce, "Salamu alaikum."

Baƙuwar ta amsa sallamar cikakkiya, har da wabarakatuhu. Sannan ta juya ta ce, "Hajjo, wannan kuma ɗan wane gida ne?"

Iya ta dubi katangarta, ta dube ni, ta dubi furar. Can ta ajiye ludayin a hankali ta ce, "Shi ne."

Gwaggon Zulai ce, yayar mahaifinta. Tun azahar ta zo daga Maigatari. Daga baya Iya ta gaya mini cewa lokacin da na faɗo tana tsakiyar cewa, "Yaron nan natsattse ne, ko tafiyarsa ba ka ji."

Na fara bayani. Na ce wasa ne, Gwaggo, motsa jiki ne, a ƙasashen waje har gasa ake yi. Ta ce, "Gasar haura gidan mutane?" Na ce a'a, ba gidan nake nufi ba, lungu nake nufi. Ta ce, "To, Allah ya kyauta. Tashi ka nemi riga, ɗana, akwai matan aure a gidan." Na miƙe fura na bin ƙwaurina, na rasa ta inda zan fita. Sai na nufi giɓin da na yi. Iya ta daka mini tsawa, "Ta zaure, don ubanka!"

Mako uku Zulai ba ta ɗaga wayata ba. Na rame. Tsoro na ji na gaske, irin wanda ban taɓa ji a kan wata katanga ba, don na san a garinmu in aka ce namiji yana haura gida, abu biyu ake nufi, kuma ba mai kyau a ciki. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Na kira magini, ni na kwaɓa ƙasar da ƙafata, ni na miƙa masa har muka tayar da katangar, mutanen unguwa na wucewa suna mini sannu da gasa.

Ranar da Zulai ta kira, muryarta ba dariya ba fushi. Ta ce Gwaggo ta kai rahoto: ba ya sata, ba ya shaye-shaye, ya gyara ɓarnarsa da hannunsa, ga sallama ko a wane hali. Aibinsa ɗaya, gaggawa. Ta ce, "Baba na son ganinka jibi."

Na je Maigatari cikin babbar riga. Na tarar da dattijon a tsaye a ƙofar gida yana jirana. Na zube na gaishe shi. Bai ce in tashi ba sai da ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa ƙyauren sau biyu.

Ya ce, "Ka ga wannan? Ƙofa sunanta. Na ba ka Zulai, amma a gidan nan ta nan ake shiga."

Fakur dai ban daina ba. Na koma kan yashina na cika wata ukun nan cif, har da ƙari. Abin da na koya kuwa bai wuce wannan ba: katanga ko magana, taɓa ka ji ƙwarinta kafin ka ɗora nauyinka a kai, sallama kuma a waje ake yin ta.