Alhaji Munkaila da Tseren Taɓon Ingila

A duk faɗin unguwar Ard al-Liwa ta birnin Alƙahira, daga bakin titin jirgin ƙasa har lungun da tuk-tuk, keken nan mai ƙafa uku, ke gajiya ya juyo, babu namiji kamar Alhaji Munkaila ɗan Maraɗi. Wannan ba jita-jita ba ce, shi da bakinsa ya faɗa. Allah ya ba shi tsawo daidai misali, ya ba shi faɗi ba misali. Tumbinsa ke fara shiga ɗaki, ya gaisa da jama'a, ya tambayi mutan gida, sannan mai shi ya iso. Sana'arsa tarbar marasa lafiyar da ke zuwa daga gida. Shi ke kai su asibitocin unguwar Mohandessin, ya riƙe musu jaka, ya fassara musu Larabcin da shi ma rabi yake ji. Da haka ya zama Dakta. Ko kaza bai taɓa yi wa allura ba, amma in ka kira shi Alhaji zalla, sai kunnen ya ɗauke.

Gudu kuwa, kada a zalunce shi, ya taɓa yi. Shekarar juyin juya hali ce, ranar da aka harba barkonon tsohuwa a gindin gada. Waɗanda suka gani sun ce ya yi ƙoƙari. Wata mata ce dai mai faifan burodi a ka ta wuce shi, ta kai gida, ta sauke kaya, ta leƙo ta taga tana ba shi ƙarfin gwiwa.

To wata La'asar, bayan zafi ya karye, Hausawan unguwa suna zaune a ahwar da suka saba shan shayi, sai talabijin ya nuno wasu Turawa ramammu kamar tsinken tsire, suna gudu a kan tsaunukan arewacin Ingila. Ƙasar ba itace, ba bukka, ba ko akuya mai hankali. Fadama ce aka ɗora a kan tudu, ruwa daga sama, baƙin taɓo daga ƙasa, iska tana marin kowa. Wai a tsakiyar hunturu suke yin haka, kwana da kwanaki, kuma ba wanda ya koro su.

Malam Ya'ƙub, wanda ya zo karatu Azhar da baƙin gemu ga shi yanzu ya yi fari tas, ya ajiye kofinsa ya ce, "Subhanallah. Wannan ba aikin mai cin tuwo ba ne."

Ai kuwa kamar an taka wa Alhaji yatsa. Tsakaninsa da Malam dama ba a shan inuwa ɗaya, don Malam kaɗai ne in ya ce "Dakta" sai ka ji kamar tambaya yake yi.

"Malam, kai dai tsaya wa littafi," in ji Alhaji. "Mu da muka san jikin ɗan Adam ciki da bai, wannan ai shan iska ne. Ina yaro a dajin Dakoro nakan bi barewa har ta tsaya ta ba ni haƙuri. Ba don marasa lafiyata ba, da tuni na je na karɓo musu kofin."

"To je ka mana, Dakta. Ɗalibaina sun iya na'ura. Yau ɗin nan sai su sa sunanka."

Duk ahwar ta zuba masa ido, har mai shisha ya bar zuƙa. Alhaji ya shafa tumbi, ya ce, "Khalas, shi ke nan. A sa."

Kada wani ya ɗauka hauka ce. Alhaji yana da abin da ya taka. Ya sha neman bizar Ingila a ɓoye, kullum a dawo masa da fasfo fes kamar yadda ya miƙa. Ba wanda ya san wannan sai matarsa Rahamatu. Lissafinsa mai sauƙi ne: ya yi shiri da ganga, Turawa su hana shi shiga, ya ce tsoronsa suka ji. Ƙafa ba ta taɓa taɓo ba, suna kuma ya ƙara tsawo. Sunan nan shi ne gonarsa. Ranar da aka kama shi da ƙarya a gaban Malam Ya'ƙub, labari zai riga jirgi isa Maraɗi da Kano, kuma babu mai sake damƙa masa tsohuwarsa mai ciwon ƙoda.

Aka fara shiri, fasfo ya sake tafiya neman biza. Ya tafi kasuwar gwanjo ya sayo wandon 'yan gudu, irin mai manne wa jiki. Shigarsa sai da Rahamatu ta riƙe gefe ɗaya shi ya riƙe ɗaya, ana yalla yalla kamar masu ɗura gero a buhu. Ya samo sanduna biyu, da fitilar da ake ɗaurawa a goshi. Hula kuwa ya ce ba ta fita, darajarsa ce, sai fitilar ta hau kanta. Da tsakar rana yake saukowa, fitila a kunne, ya taka har kanti ya sayo ful da ta'amiya, wato wake da ƙosan Misirawa, ya dawo a tuk-tuk don kada ya ƙarar da ƙarfin da yake tanadi. Unguwa ta raɗa masa Barewar Ard al-Liwa. Ya ji, ya yi murna, ya sa aka ƙara a katinsa a ƙasan Dakta.

Sai matsala ta taso: ina za a samu taɓo a garin da ruwan sama ke zuwa kamar baƙon kunya? Wani da ya haƙura. Alhaji ya sa aka yi ta jigilar laka a amalanken jaki daga gonakin bayan gari, mai gadin bene yana hawa da ita kwando-kwando yana tsine wa ranar da ya baro ƙauyensu. Aka jibge ta a kusurwar rufin bene, gefen kejin agwagin Hajja Zahra mai gidan, aka sakar mata ruwan famfo har ta yi laushi. Sannan ya gayyato jama'a. Shiri ba 'yan kallo ai asara ne.

Ya tsaya a bakin fadamarsa, ya ɗaga sanda. "'Yan uwa, abin da za ku gani yau kimiyya ce. Bature yana wahala da taɓo don bai fahimce shi ba. Ni na fahimce shi. Sirrin ɗaya ne: ka taka ka ɗauke tun taɓon bai san ka taka ba."

Ya taka. Taɓon ya sani.

Ƙafar dama ta nutse har ƙwauri, ya aika ta hagu ta je ceto, ita ma aka riƙe ta. Ya yi gaba, ya yi baya, ya yi iyo da hannu a iska, sai ji kake tim! Barewa ya kwanta rigingine, fitila tana haska sama. Agwagin Hajja da suka shekara ba su ga tafki ba suka fito a guje suna kabbara da yarensu. Wani ƙato daga cikinsu ya ga tudu a tsakiyar ruwa, ya haye tumbin Alhaji, ya karkaɗe fiffike, ya tsaya yana duban gari.

Rahamatu ce ta kwance igiyar shanya ta wurga masa. "Alhaji, za ka fito ne, ko in kawo maka abincin nan?"

Maza suka kama igiya aka ja. Ya fito ba takalmi ɗaya, ya tofar da laka, ya dubi Malam Ya'ƙub. "Wannan ita ake kira faɗuwar dabara. Turawa sai sun shiga makaranta suke koyonta."

"Ma sha Allah," in ji Malam. "Kai kuma ilhama aka yi maka."

Kafin Magariba fadamar ta gano hanya, ta bi ta rufi tana ɗiga a kan gadon Rahamatu. Hajja Zahra ta hawo ta zazzaga masifar da ko mai fassarar asibiti bai iya juya ta ba. Alhaji ya ce wa jama'a taya shi murna take yi.

An gama da taɓo, saura sanyi. Ya shirya da wani mai kifi a kasuwa a kulle shi a ɗakin ƙanƙara, ya yi gargaɗi kada a buɗe ko an ji yana kuka. Jama'a suka tsaya a waje suna ta salati. Tun bayan Azahar har aka kira La'asar shiru. Da aka buɗe, sai ga Barewa ya fito yana tsiyayar gumi, rigarsa sharkaf.

"Kun gani? Sanyi bai san ni ba. Ni nake ɗumama shi."

Mai kifin yana gefe ya haɗa kai da gwiwa, don tun hantsi aka ɗauke wuta, kayansa duk sun fara magana. Alhaji ya koma gida da rakiyar da ko minista bai samu ba. Duk magen da ke Ard al-Liwa tana bayansa, wutsiya a sama.

Sannan sanyin gaske ya zo da ƙafarsa. A watan nan ne ƙanƙara ta zuba a gefen Alƙahira, tsofaffin Misirawa suna rantsuwa ba su taɓa gani ba. Mutanen ahwa suka ce Allah ya kawo wa Dakta Ingila har gida, suka ɗunguma su kira shi ya fito. Rahamatu ta buɗe ƙofa kaɗan.

"Yana ciki. Ya ce kada a dame shi, ɗumi yake tarawa, da shi zai tafi."

Daga can ƙarƙashin duk bargunan gidan, da labule, da dardumar salla, aka ji atishawa ta amsa sallama.

Ranar karɓo fasfo ta zo. Alhaji ya yi wanka, ya sha shadda, ya fesa turare. Bai ko buɗe ambulan ba, me zai gani wanda bai saba gani ba? Ya riƙo ta a liƙe har ahwa, don shaidu. Jawabin kuwa ya kwana biyu yana bitarsa a gaban madubi, har da inda murya za ta yi rawa.

"Jama'a, ku shaida. Taɓo na taka, kun gani. Sanyi na shiga, kun gani. Ban bar komai ba. Amma akwai mutanen da in suka ji an ce Munkaila na tafe, sai su ja ƙofa su sa sakata. Ban riƙe su a zuci ba. Kowa yana kare abincinsa." Ya miƙa ambulan da hannu biyu. "Malam, kai ne mai karatu. Buɗe ka karanta musu tsoron Bature."

Malam Ya'ƙub ya yage bakin ambulan, ya zaro fasfo, ya yi ta buɗe shafi yana lasar yatsa. Ya tsaya. Ya gyara tabarau. Gemun nan ya fara rawa.

"Allahu Akbar! Sun ba ka biza, Dakta! Ga ta nan da hotonka. Sun ce bismillah, taɓo na jira!"

Ahwa ta kaure. Mai shayi ya ce yau kyauta ne. Wani ya cire rigar sanyinsa ya yafa masa, wani ya ce shi zai kai shi filin jirgi, wani har ya kira Maraɗi yana ihu a waya. Majiya ƙarfi suka taru suka ɗaga shi a kafaɗa da ƙyar, suka zagaya layi da shi a guje, tuk-tuk suna ta oda. Tunda aka fara maganar tseren nan, ranar ce Alhaji ya fi sauri. Hawaye na bin kumatunsa shaɓe-shaɓe, mata daga tagogi suna cewa, Allah sarki, dubi farin ciki.

Washegari da safe labari ya karaɗe unguwa: ƙaddara ta faɗa wa Barewa. Wai santsi ya kwashe shi a matakala, idon sawun hagu ya gurɗe. Ya fito da ɗauri kamar kabewa, da sandar guragu a hammata, yana cije leɓe. Aka yi ta tururuwar dubiya, da lemo da ayaba. Ya kishingiɗa yana girgiza kai. "Ba don kaina nake baƙin ciki ba. Afirka nake tausaya wa." Har Hajja Zahra ta aiko da romon agwagwa. Suna ya tsira, ya ma ƙara ƙiba. Da mai hankali ne, da ya kwanta ya yi shiru har hunturu ya wuce.

Amma ranar Juma'a masallaci cike yake, kuma Alhaji bai iya ganin taro ya bar shi ya tafi a banza. Ya ɗingiso har wurin alwala, aka dare masa, aka ba shi kujera. Malam Ya'ƙub yana gefe yana naɗe hannun riga.

"Dakta, shari'a ta sauƙaƙa maka. Ba sai ka kwance ba. Jiƙa hannu ka shafa a kan ɗaurin, ya wadatar."

"Rangwame na raunana ne, Malam. Ni ban saba karɓar ragi ba."

Ya kama warware ɗauri, ɗalibai suka kewaye shi. Ganin idanu, sai darasi ya motsa. Ya yi bayanin ƙashin idon sawu, da jijiyar da ke tashi daga diddige ta wuce har ƙeya, da yadda wani babban likita a Mohandessin ya kalli hoton ƙafar ya cire tabarau ya yi kuka. Yana wanke ƙafa yana bayani, yana goge ƙafa yana bayani, ido yana kan jama'a. Hannu kuma yana ta naɗi shi kaɗai. Ya ƙulle tsaf, ya ɗauki sanda, ya miƙe da nishi, ya taka.

Ɗauri yana dama. Ɗingishi yana hagu.

Idanun kowa suka koma ƙasa. Wani ɗalibi ya cusa hularsa a baki. Malam Ya'ƙub ya dubi ƙafar nan, ya dubi waccan, ya ɗaga hannu sama.

"Jama'a, ku shaida karama. Ciwo ya tashi daga hagu ya isa dama tun liman bai hau mumbari ba. Dakta, miƙa wa ciwon nan fasfon. Shi ya iya gudu."

Alhaji ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa, ya rasa wadda zai bi. Da ladan ya ɗaga murya, sai ya tattara girmansa ya shige masallaci yana ɗingishi da duka biyun.