Farin Yadin Cikin Koren Akwati

Ba zan taɓa mantawa da hutun sanyina na farko a Makka ba, ko da kuwa na so in manta, don dangin maigidana ba za su bar ni ba.

Wata shida ke nan da kawo ni daga Kano zuwa gidansu a Jarwal, inda muke zaune tare da mahaifiyarsa, Hajiya. Matar nan, Allah Ya ba ta hannu. Da an fara jin iska mai sanyi, sai ta zazzage buhun ƙyallaye a tsakar falo: tsofaffin atamfofi, guntun shadda, rigunan makarantar jikoki da suka yi kaɗan. Ta yanka su gida-gida, ta jera, ta haɗa, ta shimfiɗa auduga, ta sa shafi a baya, sai ga lihafi, wato bargon nan mai kauri. Ba ta awo, ido ne ma'auninta, amma ba za ka ga gida ɗaya ya fi ɗan'uwansa ba. Kowace shekara jika guda take yi wa, kuma a ranar farko ta ijaza, wato hutu, da an rufe makarantu, ake fita da shi shan iska wajen Arfa a shimfiɗa.

Ni kuwa a gidan nan ba a san ni da komai ba sai ƙona shinkafa. Hajiya ba ta taɓa yi mini faɗa ba, kuma wallahi shirun nan ya fi faɗa ciwo. So nake sau ɗaya tak ta dube ni ta ce, "Madalla."

Ana saura kwana uku a fita, ta tafi Jidda duba 'yarta da ta haihu. Fuskar lihafin ta kammala, saura shafi. Na ce to, yau ga ranata. (Abin da na sani na ɗinki bai wuce maɓallin riga ba, amma wa ya tambaye ni?) Na bincike gidan kaf ban sami yadi mai faɗi ba, sai da na taka kujera na sauko da wani koren akwati daga saman kwabarta. Ina buɗewa na ga farin yadi tas, an ninke shi da kyau, yana ƙamshin kafur. Har yabonta na yi a raina, na ce ka ga dabarar manya, ta sa kafur don kada ƙwari su ci. Na ɗauko almakashi na yi bisimilla.

Kwana biyu ina fama. Yatsuna suka zama rariya, bayana ya ƙage, maigidana ya ci burodi da wake har ya daina magana. Amma na gama.

Ranar Juma'a, Hajiya ta dawo, bayan la'asar aka hallara, mata da yara cike da falo, ana ɗaure tulunan shayi. Na shigo rungume da lihafin, ina tafiya kamar wadda ta ci gasa, na ajiye gaban Hajiya na durƙusa.

"Hajiya, na ga kin gaji, shi ne na ƙarasa miki."

Ta juya bayansa. Ta shafa. Ta kai hanci ta shaƙa. Sai na ga Yaya Safiya, babbar yayar maigidana, ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali.

"Ya binti, 'yata," in ji Hajiya, "wannan yadin daga ina?"

"Daga koren akwatinki," na faɗa, har da murmushina.

Yaya Safiya ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ke! Likkafanin Hajiya ne fa! Da hannunta ta wanke shi da zamzam!"

Jama'a, ban san mutum yana jin sanyi da zufa lokaci guda ba sai ranar. Har yara suka daina tauna. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Na buɗe baki in ba da haƙuri, abin da ya fito shi ne, "Ai akwai saura." Ku ji fa! Saura!

Hajiya ba ta ɗago ba. Bin ɗinkina take da yatsa, layi-layi, yana karkacewa kamar hanyar tururuwa. Can sai kafaɗunta suka fara rawa, na ɗauka kuka take, ashe dariya ce.

"Shekara goma sha biyu yana jirana ban zo ba," ta ce tana share ido. "Ya gaji da zaman banza, ya sami aiki. Halas, shi ke nan, ku bar yarinya. Gara ya ɗumama mai rai." Sannan ta dube ni. "Amma ɗinkin nan naki, ko gawa ba za ta yarda da shi ba. Kawo allura."

A wajen Arfa, kowa na gasa nama, ni ina gefenta ina warware aikin kwana biyu, tana riƙe da hannuna tana nuna mini yadda ake cusa allura a fito da ita daidai. Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Bayan mako guda ta kira ni muka je kasuwa, ta zaɓi sabon yadi, muka ɗebo zamzam, ta sa ni na wanke tana kallo. Da ya bushe ta ce in ninke in ajiye da kaina.

"Safiya kuka zai hana ta tuna komai," ta ce. "Ranar da za a nema, ke za ki ɗauko."

Nan na yi kukan da ban yi a falo ba.

Yanzu lihafi huɗu na ɗinka, kuma ba laifi. Amma ko tsumman goge ƙasa zan yanka a gidan nan, sai na zagaya na tambayi mutum uku, don na gane almakashi bai san "yi haƙuri" ba.