Zagaye Uku da Rediyon Kaka

"Lafiya lau, amarya. Ya gajiyar kwance wa mutane motoci?"

"Da sauƙi, angona. Ya gajiyar ɓatan hanya?"

Kakan tsohon direba ne, jikar kuma mai gyaran wayarin mota. Sau biyu cikin wata guda ya nufi gonarsa ya ɓulla wani wuri. Babanta ya ce yau za a karɓe makullin motar kakan, sai in an tabbatar laifin kamfas ɗin gaban motar ne, na'urar da ke nuna gabas da yamma, ba na kan tsoho ba. Shi ya sa da la'asar ta kawo shi wani fili, nesa da ƙarafa da wayoyin lantarki.

"Danna maɓallin nan har harafin da ke fuskar kamfas ɗin ya fara ƙiftawa. Sai ka zagaya a hankali, sau uku, ya daidaita kansa."

"Shekara arba'in ina jan babbar mota, yau matata ta mai da ni akuyar turke."

"Akuya ai ta san hanyar gida."

"Lokacin da nake gane gabas da ƙamshin iska, ko haƙori ɗaya ba ki da shi."

"To mun yi canjaras, kai ma yanzu ba ka da shi."

Ya zagaya yana gunaguni, ya tsaya rana na dukan idonsa. Kamfas ya ce arewa.

"Ka ga? Ko injin ya gaji da kai."

Ya kashe mota, ya zare makullin yana juya shi a tafin hannu. Nan idonta ya faɗa kan wani ƙaramin rediyo da ya ɗaure da roba a jikin kamfas ɗin.

"Kaka, tun yaushe wannan ke zaune a nan?"

"Wata guda. Na motar ya mutu. Ko shi ma za ku karɓe?"

"Akwai maganaɗisu a lasifikarsa. Shi ke karkatar da kamfas."

Ta kwance shi, ta ajiye can kan ciyawa. Ya sake zagaye uku, ya tsaya fuskantar rana. Kamfas ya ce yamma.

"Kira ubanki. Sa a lasifika in ji muryarsa."

"Zan ce masa kanka lafiya lau. Tuƙin ne dai na kunkuru."

Ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya sauka ya ɗauko rediyon, ya dangwara mata a cinya.

"Ungo sadakinki. Ki ɗaura shi a motar ubanki, in ga inda zai ɓulla."