Macijin da Ya Sari Haladu a Gindin Ganuwa

Haladu Ƙafar-Barewa, shi ya raɗa wa kansa wannan suna, babu wanda ya taya shi. Duk wanda ya taɓa zama a teburin shayin Ila ya sha labarin ƙafafun nan har ya ƙoshi. Wai kakan kakansa ne mai zagaya ganuwar gari kowace safiya kafin a buɗe ƙofa, ya dawo kunun da aka zuba masa bai huce ba. Wai kuma duk zuri'ar, shi gadon ya faɗo wa. Alhali mutumin nan ko masallacin unguwa za shi, sai ya tsaya ya gaisa da duk wanda ya gani, don dai ya sami numfashi.

To, a teburin Ila benci ne kowa ke zama, sai kujera guda mai hannu da majingini, wadda kullum ake rigima a kanta. Rannan Haladu ya riga kowa hayewa, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya soma. Malam Sallau tela ya ajiye kofi.

"Sarkin Tafiya, akwai ragowar ganuwa can bayan gonaki, gaba da rafi, inda masu gini ba su kai ga gutsure ta ba. Mu je ranar Lahadi, da ƙafa. Wanda ya fara taɓa ta, kujerar nan tasa ce har abada."

"Ku dai ce kun ba ni kyauta," in ji Haladu.

"Saura sharaɗi. Wanda ya hau abu mai taya ko mai ƙafa huɗu, benci ma ya haramta gare shi. A tsaye zai riƙa shan shayi."

Tanimu direba ya ce ya shaida. Ila ya ce shi ne alƙali, tunda kujerarsa ce.

Ana gobe tafiya, Haladu ya sulale ya sami Baba Mati, wani dattijo ɗan acaɓa, wanda babur ɗinsa ne kaɗai ke bin wannan hanya. Suka ƙulla: ya jira shi a bayan babbar kuka, ya kai shi ganuwa, ya laɓe, sannan ya dawo da shi.

Lahadi da hantsi aka kama hanya. Haladu ya naɗe ƙafar wando har gwiwa, wai ƙwaurinsa ya sha iska. Ba a fita daga gonakin farko ba ya fara huci, fuu, fuu, kamar zugazugin maƙeri. Da suka hango kuka sai ya tsaya.

"Ni nan zan ratse. Akwai hanyar kakanni, ta cikin sarƙaƙiya. Ba zan ja ku ba, ƙafar da ba ta gada ba ba ta dawowa."

"Allah ya tsare," in ji Sallau.

Suka wuce. Ba su yi nisa ba Tanimu ya karkata kunne, ya jiyo ƙarar babur daga bayan kuka.

"Ikon Allah. Kakannin nan har giya suke canzawa."

Can kuwa, ɓut-ɓut-ɓut, Baba Mati ya dire shi a gindin ganuwa. Haladu na sauri kada wani manomi ya gan shi, ya zuro ƙafa ta dama. Baba Mati ya buɗe baki zai tuna masa, ina, an makara. Ƙwauri ya manne da zazzafar salansar babur, tsuuu. Haladu ya yi tsalle ɗaya wanda da kakan nasa ya gani da ya yi alfahari. Ya ciji hularsa, ya kora dattijon bayan ganuwa, ya saki ƙafar wandon dama ya rufe ɓarna. Ta hagu ya manta da ita a naɗe.

Sai da rana ta take abokan suka iso, ƙaya a riga, laka har idon sawu, harshe a waje. Ganuwar kuwa ta biya su wahala. Jar ƙasa ce jibgegiya, ta fi soro tsawo, kauri kamar ɗaki, ruwan damina ya zane ta, ga gawo ya tsiro a kafaɗarta. Suka tsaya suna kallo. A inuwarta ga Haladu kishingiɗe yana fifita da hula.

"Sai yanzu? Har na yi barci na farka."

Ila ya ce, "Kujera ta zama taka. Taso mu hau sama mu ga gari."

Haladu ya miƙe. Taku ɗaya, ɗingis. Na biyu, ɗingis, da ɗan nishi. Sallau, da yake tela ne, ido ya kai kan wando.

"Wannan wane ɗinki ne, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa?"

Kafin Haladu ya kare, Sallau ya ɗage ƙafar wandon. Ga bororo nan fal, ya yi jawur, faɗin murfin kofi.

"Maciji ne," in ji Haladu da sauri. "Kububuwa. Na taka ta a hanyar kakanni. Ban so in tayar muku da hankali ba."

Tanimu ya duƙa ya duba. Mutumin da ya girma a tasha, ko a mafarki ya san wannan tambari. Ya ɗago ya kalli Sallau, Sallau ya kalli Ila.

"Muguwa ce," in ji Tanimu a hankali. "Irin mai shan fetur. Dole a tsaga a fitar da dafin."

Ila ya zare mazagin wandon Haladu ya ɗaure masa cinya tamau. Sallau ya laluba aljihu ya fito da rezar farke ɗinki, yana goge ta a hannun riga.

"A'a, ku bari. Mu a gidanmu dafi ba ya kama mu."

"Ga shi ya kama. Tanimu, danne shi. Zurfi za mu yi, har ƙashi."

Reza na matsowa, Haladu ya manta da kakanni, ya kwarma ihu: "Jama'a, a taimaka!" Hannu ɗaya na riƙe da wando, ɗaya na ture tela.

Sai ga Baba Mati daga bayan ganuwa, yana turo babur, goro a kunci.

"Lafiya, bayin Allah?"

"Baba, Allah ne ya kawo ka," in ji Ila. "Maciji ya sari mutuminmu. Ka san shi kuwa?"

Haladu ya shiga ƙifta ido yana girgiza kai, har hula ta faɗi. Baba Mati ya ɗauka zafi ne. Ya leƙa ƙwaurin, ya tauna goronsa, ya shafa salansar babur kamar mai lallashin jaki.

"Ga macijin nan, ya ma huce. Malam Haladu, tun a gindin kuka na ce maka ta hagu ake sauka. Yanzu in kai ka gida, ko in koma in ƙara laɓewa?"

Tanimu ya zube ƙasa yana riƙe da ciki. Sallau ya naɗe rezarsa a takarda, ya mayar aljihu.

"Kai shi, Baba," in ji Ila. "Ya samu ya zauna ya more. Daga gobe a tsaye zai sha shayi, ƙafa kuwa ai ya gada."