Ƙofar Kakan Mudir

Ina sabon zuwa Riyad mudir ɗinmu, wato shugaban kamfanin ginin da nake wa aiki, ya kira ni ofishinsa a unguwar Malaz. Ya ce akwai tsohon rumbun katako na kakansa a kan duwatsun kudu, yana so ya mayar da shi gidan hutu na zamani. An ciro ƙofar an kawo, in gyara ta.

Ni kuwa injiniya ne da takarduna, ban ga abin tambaya ba. Na dubi ƙofar, baƙa ƙirin, duk zanen wuƙa da ramukan ƙusa. Har tausayin mutumin na ji. Na sa aka kankare ta sumul da inji, aka shafa mata farin fenti mai ƙyalli.

Da ya zo, ni da kaina na yaye ledar da aka rufe ƙofar da ita ina murmushi. Ya daɗe yana shafa katakon da tafin hannunsa.

"Ya muhandis," wato injiniya da Larabci, ya ce a hankali, "a nan kakana yake auna tsawonmu duk sallah, ya zana da wuƙa. Ina nawa layin?"

Na ce, "Yana ƙarƙashin fentin, ranka ya daɗe." Mu biyun mun san injin ya cinye shi.

Bai kore ni ba, amma labari ya kai wa 'yan uwana Hausawa da muke cin abincin Juma'a tare a unguwar Utaiƙa. Har yau in na shiga, sai Alhaji Sabo direba ya dafe furfurarsa ya ce, "Tsofaffi ku ɓuya, ga mai fenti nan ya iso."