Rasuwar Mai Kunya, Rediyon Suwaiba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, iyalan marigayi Gambo masunci na bakin kwatar Wara suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar rediyon gidansu, wadda aka fi sani da Mai Kunya. Ta cika ranar Alhamis bayan la'asar, a kan teburin Basiru mai gyara a kasuwar Yelwa, tana da shekara goma sha ɗaya. Mai ita, matar marigayin, Suwaiba mai bandar kifi, tana tsaye a kanta har aka ɗauke hannu.

Marigayiyar ba da kunya aka haife ta ba. A shekararta ta uku ta zame daga jirgin Gambo ta faɗa ruwa, aka tsamo ta, aka shanya ta a kan banda kamar tarwaɗa. Ta farfaɗo, amma da sabon hali. Duk mai maganar da ya ɗaga murya, sai ta rufe kalmar da wata 'yar ƙara, ƙiiit, irin wadda gidajen rediyo kan sa idan wani ya saki baki. Mutum kuwa ba ya ɗaga murya sai a kan kalmar da ta dame shi, don haka kullum tsakiyar magana take cinyewa.

Shirin tambaya da amsa na safiyar Asabar shi ya yi mata suna. Bayin Allah su bugo waya da tambayoyinsu masu tsabta, ita kuma ta isar da su tsakar gidan Suwaiba a lulluɓe.

"Likita, sau nawa ya kamata magidanci shi ƙiiit a rana?"

"Malam, tsohuwa na iya ƙiiit da azumi a bakinta?"

Na farko shan ruwa yake nufi, ta biyu ɗanɗana miya. Amma matan da ke feɗe kifi ba sa jiran bayani, kowacce ta riga ta cike gurbin da abin da ke ranta, kuma Allah Ya shaida ba wadda ta taɓa cike shi da shan ruwa. Ranar da mai gabatarwa ya ce a janye yara daga kusa da akwati, sannan aka yi rabin awa ana zancen tsutsar ciki, har wuƙa sai da ta faɗi a hannun wata don dariya. Marigayiyar ba ta taɓa furta batsa ba tsawon rayuwarta. Rufewa kawai take yi, sauran aikin na masu sauraro ne.

Cikin kyawawan halayenta akwai haƙuri da hayaƙi, da rashin cin batir, da iya riƙe amana. Amanar da ta fi nauyi ita ce ta wata Asabar, shekara biyu da suka wuce.

A lokacin ciwon faɗuwa ya kama Gambo, sau biyu ana tsamo shi daga ruwa. Suwaiba ta sayar da jirginsa ba da saninsa ba, don ta raba shi da tafkin da yake su a ciki. Wata guda bai haɗa ido da ita ba. Ran nan sai ya ce ta danna jan maɓallin ɗaukar magana na rediyon, ya ɗauki wayarsa ya fita bayan gida. Can sai ga muryarsa a cikin shirin.

"Malam, Gambo na daga Wara. Shekara talatin da ɗaya muna zamne da mai ɗakina, ban taɓa ƙiiit mata ba. Ga shi ciwo ya kama ni. Mi za ni yi?"

Malamin ya amsa da cewa, "Tashi yanzu ka je ka yi, Malam Gambo. Irin wannan ba a bari sai gobe."

Tsakar gida ta kife. Mata suka riƙe ciki, wata na tambayar to ta ina aka samo 'yarsu Yasira da ƙannenta biyar. Suwaiba ma ta dara har da hawaye. Sai da aka watse, tana juya kifi ita kaɗai, wata kalma ta faɗo mata wadda ta shige gurbin daidai: yafe. Ban taɓa yafe mata ba.

Ta tambaye shi. Gambo mutum ne da magana mai taushi ke yi wa nauyi a baki, sai ya yi murmushi ya ce ta tambayi rediyonta. Kwana goma sha tara bayan haka ya rasu.

Tun daga nan, duk safiya kafin ta hura wuta sai ta kunna maganar. Ta ji ta fiye da sau ɗari bakwai, kuma ko sau ɗaya Mai Kunya ba ta saki kalmar ba. Akwai waɗanda suka ji shirin a lafiyayyun rediyoyi, amma duk wanda ya buɗe baki zai gaya mata, sai ta toshe kunne ta bar wurin. Tsoro take ji. Muddin ƙarar tana nan, ba a yanke mata hukunci ba.

Jinyar ƙarshe ta fara da daminar bana. Murya ta dishe, sai an mare ta a baya take magana, daga baya ko marin ta daina ji. Suwaiba ta naɗe ta a zani ta shiga mota zuwa Yelwa. Basiru ya buɗe cikinta, ya ga tsatsa ta gama cinye komai, ya girgiza kai. Sai ya zare ɗan memorin da maganar Gambo ke ciki ya soka a tasa lasifikar don ya ga ko shi ya tsira, kafin Suwaiba ta kai ga riƙe masa hannu. Muryar Gambo ta fito tas a tsakiyar kasuwa, tana rawa a daidai wurin.

"Ban taɓa gode mata ba."

Basiru ya shaida cewa ta daɗe a tsaye, sannan ta gyara mayafinta ta ce a hankali, "Ba komai, Malam."

Marigayiyar ta bar eriya ɗaya da aka ɗaure da waya, da batir biyu masu sauran kwana, da igiyar rataye, da ƙusar da ke jikin bangon banda wadda har yanzu ba a cire ba.

Liman ya ce babu sallah a kan roba da ƙarfe, saboda haka za a rufe ta ba hayaniya ranar Asabar da hantsi, a gindin mangwaron bayan gida. Ba a karɓar gudummawa. Basiru zai zo da lasifikarsa, za a kunna maganar sau ɗaya. Ana roƙon duk matar da ta yi dariya ran nan ta daure ta halarta. Suwaiba ta ce ba ta riƙe kowa a rai ba, ita ma da ita aka yi. So take kawai a bar mijinta ya ƙarasa maganarsa a gidansa.