Maganin Barci a Hammata

Shekarar da wayar salula ta shigo Legas, oga ya saya mini ɗaya, daga nan barci ya ƙaurace mini. Ni ke kula da tankokinsa a Apapa, ko na kwanta sai in ji kamar wayar tana ƙara.

Matata Ladi, haifaffiyar Agege, ta ce za ta raka ni wurin Iya mai maganin gargajiya. Na ce ba na bukatar tafinta, ni da nake ciniki da Yarabanci.

Na je na nemi maganin "oorun", wato barci. Iya ta matso ta shinshine ni, ta gyaɗa kai cikin tausayi, ta miƙo mini baƙin sabulu. Ta ce a hammata, safe da yamma. Har na jinjina wa hikimar Yarabawa.

Na daɗe ina dirzar hammata, barci bai ko leƙo ba. Da na kai wa Ladi kuka, ta ce, "Maigida, maimaita yadda ka faɗa mata." Na maimaita. Ta zube a tabarma tana dariya. Ashe a Yarabanci, barci da wari kalma ɗaya ce, karin murya ne kawai ya raba su.

Har yau in na yi hamma a majalisa, sai wani ya ce, "Malam, a dai ƙara dirzawa."